Kwanakin Shinge: Koken Maƙwabta kan Manyan Bukukuwan Kiɗa a Lambunan Shaƙatawa na Landan

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi taƙaddamar da ke tsakanin mazauna unguwanni da ƙananan hukumomi a birnin Landan, kan bayar da hayar lambunan shaƙatawa na jama'a ga kamfanonin da ke shirya manyan bukukuwan kiɗa da waƙa. Ta dogara ne kan lambuna biyu, Finsbury a arewacin birnin da Brockwell a kudancinsa, da kuma shari'o'in da aka yi a kansu daga 2016 zuwa 2017, sannan a 2025. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ko da yake ƙarar kiɗa ce aka fi yayatawa, gundarin koken yana cikin yawan kwanakin da fili ke fita daga hannun jama'a, da yadda hukuma guda ta haɗa riƙon amanar filin da karɓar kuɗin hayarsa da ba da lasisin bikin da za a yi a cikinsa.

Gabatarwa



Kafin a fahimci dalilin da zai sa mutane su tara kuɗi su kai hukumarsu kotu a kan ciyawa, sai an san irin zaman da ake yi a Landan. Alƙaluman da ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya fitar a 2020 sun nuna cewa gida ɗaya cikin takwas a ƙasar ba shi da wani fili nasa, ko na kansa ko na tarayya da maƙwabta. A Landan kuwa abin ya kai gida ɗaya cikin biyar. Alƙaluman sun kuma nuna cewa a Ingila kashi 37 cikin ɗari na baƙaƙen fata ba su da ko ɗan wurin shan iska a inda suke zaune, alhali a tsakanin fararen fata kashi 10 ne. Mutumin da ke hawa na tara a gidan bene, da mata da 'ya'ya uku, ba shi da tsakar gida, ba shi da ƙofar gida da za a shimfiɗa tabarma. Lambun unguwa shi ne inda yara ke guje-guje, inda tsofaffi ke miƙe ƙafa, inda ake buga ƙwallo ba tare da an biya ko kwabo ba.

Don irin waɗannan mutane aka kafa lambunan tun farko. An buɗe lambun Victoria a gabashin birnin a 1845, bayan dubban mutane sun sa hannu a takardar koke zuwa ga Sarauniya kan cunkoso da cututtukan da suka addabi unguwannin talakawa. Finsbury ya biyo baya a 1869, faɗinsa kimanin eka 110. Brockwell kuma, wanda a da gonar wani attajiri ce da gidansa a kan tudu, an buɗe shi ga jama'a a 1892, faɗinsa ya kai kimanin eka 125. A watan Afrilun 2020, cikin kullen korona, ƙaramar hukumar Lambeth ta rufe Brockwell na yini ɗaya tak saboda taruwar jama'a, kuma surutun da ya biyo baya ya isa ya nuna matsayin wurin a zukatan mutane.

Yadda kiɗa ya koma haya

Kiɗa ba baƙo ba ne a waɗannan lambuna. A 1978 an yi manyan gangami biyu na mawaƙa masu adawa da wariyar launin fata, ɗaya a Victoria cikin Afrilu, ɗaya a Brockwell cikin Satumba, kuma kowa ya shiga ba da tikiti ba. A 1992 ƙungiyar mawaƙa ta Madness ta yi wasa a Finsbury, har aka ruwaito cewa mazauna wasu benaye na kusa sun zaci girgizar ƙasa ce, saboda tsalle-tsallen 'yan kallo. Bikin gargajiya na Lambeth Country Show, mai nunin dabbobi da furanni da kiɗa, a 1974 aka fara shi a Brockwell, kyauta.

Abin da ya sauya shi ne girman bukukuwan, da yawansu, da dalilin yin su. Daga 2010 gwamnatin Birtaniya ta shiga tsuke bakin aljihu. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta a 2018 cewa kuɗin da gwamnatin tsakiya ke bai wa ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi cikin shekara bakwai. Doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma kula da gajiyayyu da yaran da ke cikin haɗari da kwashe shara, amma ba ta wajabta mata kula da lambun shaƙatawa ba. Saboda haka duk lokacin da aka zo yanke kasafi, lambu na cikin waɗanda wuƙa ke fara taɓawa. Rahoton da asusun Heritage Lottery Fund ya fitar a 2016 ya ce kashi 92 cikin ɗari na masu kula da lambuna sun ga an rage musu kuɗi, kuma a 2017 wani kwamitin majalisar dokoki ya yi gargaɗin cewa lambunan sun kusa kai wa inda gyara zai yi wuya. A wannan hali ne kamfanoni irin su Live Nation da AEG suka zo da tayin da ba kowace hukuma ce za ta iya ƙi ba. Farfesa Andrew Smith na Jami'ar Westminster ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa na 2016 kan amfani da filayen jama'a a matsayin wuraren biki.

Tarihin bikin Wireless kaɗai ya isa darasi. An fara shi a 2005 a lambun Hyde, tsakiyar birnin, wanda ke kewaye da unguwannin masu hannu da shuni irin su Mayfair da Knightsbridge. Maƙwabtan can sun yi ta ƙorafi, har a 2012 ƙaramar hukumar Westminster ta rage yawan wasannin da za a riƙa yi a shekara daga 13 zuwa 9, ta kuma rage yawan 'yan kallo daga 80,000 zuwa 65,000. A watan Yulin wannan shekarar ne aka kashe wa Bruce Springsteen da Paul McCartney makirufo suna tsaka da waƙa, don lokacin tashi ya wuce. Live Nation ya bar Hyde. Wireless ya yada zango a filin wasannin Olamfik a 2013, daga 2014 kuma ya sauka a Finsbury, inda yake tara mutum 45,000 zuwa 50,000 a kowace rana. Wato hayaniyar ba ta ragu ba, unguwa kawai ta sauya, daga ta masu ƙarfi zuwa ta waɗanda ba su kai su ƙarfi ba. Ina roƙon a riƙe wani abu game da Hyde, don zan dawo kansa: lambun ba mallakar Westminster ba ne, wata hukuma ce dabam mai kula da lambunan masarauta ke karɓar hayarsa.

Abin da maƙwabta ke kuka da shi

Ƙara ita ce a sahun gaba a duk wani rahoton jarida. Akwai ƙa'idar aiki ta 1995 da har yanzu jami'an lafiyar muhalli ke dubawa. Ta ce a wurin da ba filin wasa ba, idan wasan bai wuce kwana uku a shekara ba, kada sautin kiɗa ya haura desibel 65 idan aka auna shi na minti 15 daga jikin bangon gida mafi kusa. Idan kwanakin sun kai huɗu zuwa goma sha biyu, kada ya ɗara ƙarar da aka saba ji a unguwar da fiye da desibel 15. Matsalar ita ce ma'aunin da aka saba amfani da shi yana rage nauyin sauti mai kauri, irin dundum ɗin nan da ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne, alhali shi ne ke ratsa bango da taga, shi ne kuma ke tafiya nesa. Haka za a ga na'ura ta ce ba a karya doka ba, ga kuwa gilashin taga na rawa. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a asibiti tana neman barcin rana, ko ɗalibin da ke shirin jarrabawa a watan Mayu da Yuni, ba ruwansu da abin da na'ura ta ce.

Sai abin da ke faruwa a kan tituna idan an tashi: fitsari a ƙofar gidajen mutane, kwalabe da gwangwanayen iskar gas da matasa ke shaƙa, rufe hanyoyi, cunkoso a tashar jirgin ƙasa. Waɗannan abubuwa ne na zahiri, amma ƙarin ma'aikata da ƙarin ban-ɗakuna na iya rage su, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Ɓarnar ƙasa ta fi wannan wuyar magani. Yawancin Landan laka ce. Idan manyan motoci ɗauke da ƙarafan dandamali da janareta suka bi ta kan laka mai danshi, sannan dubban ƙafafu suka biyo baya, ƙasar kan daddale, ƙofofin da iska da ruwa ke bi su toshe. Ruwa sai ya riƙa kwanciya a sama. Mafi yawan saiwoyin bishiya kuwa ba su wuce zurfin santimita 60 ba, kuma suna bazuwa nesa da gindinta, saboda haka motar da ta wuce ta gefe tana iya cutar da itacen da ya shekara ɗari, alamar kuma ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai iya ɗora alhakin a kan wani biki takamaimai. Bukukuwan na faɗowa ne a lokacin da tsuntsaye ke sheƙa, fitilu masu ƙarfi kuma na hana jemagu kiwo, ga shi kuwa duk nau'o'in jemagun Birtaniya doka ta ba su kariya. A watan Afrilun 2023 wata gasar gudu cikin taɓo mai suna Tough Mudder ta yi wa Finsbury illar da ta sa ƙaramar hukumar Haringey, mai riƙe da lambun, ta ce ba za a sake yin ta a can ba. A watan Mayun 2024 ruwan sama ya haɗu da turmutsutsun bukukuwa ya mai da wani ɓangare na Brockwell caɓi, har aka soke Brockwell Bounce, wanda shi ne bikin kyauta da aka ware wa yara da iyayensu. Bukukuwan tikiti kuwa aka ci gaba da su. Ban ga wani abu da ya fi wannan fito da yadda aka jera muhimmancin mutane ba.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne uwa uba. Idan aka ce bikin kwana uku ne, kwanakin da mawaƙa ke kan dandamali kawai aka ƙirga. Maƙwabci ba haka yake lissafi ba. Nasa lissafin yana farawa ne ranar da motar farko ta shigo aka fara kafa shingen ƙarfe, mai tsawon da ya fi mutum, wanda ba a ganin abin da ke bayansa. Yana ci gaba har ranar da aka kwashe ƙarfe na ƙarshe. Bayan nan ma akwai makonnin da ake killace wurin da igiya don sabuwar ciyawa ta kama. Bikin kwana uku kan cinye fiye da mako biyu, jerin bukukuwa kuma kan cinye fiye da wata. A ƙasar da hunturu ke da tsawo da duhu, watannin da ake iya zama a kan ciyawa ba su da yawa, kuma su ne dai watannin da kamfani ke so. Sannan ba gefen lambu mai duwatsu ake ɗauka ba, shimfiɗaɗɗen filin tsakiya ake ɗauka, inda ake ƙwallo da cin abinci na iyali. Cewa kashi kaza ne kawai aka killace ba ya faɗin gaskiyar abin da aka rasa.

To me ya sa ƙara ta danne wannan a bakin mutane? Amsar tana cikin dokar lasisi ta 2003. Wannan doka ta bai wa kowa damar neman a sake duba lasisin biki, amma a kan dalilai huɗu kawai: hana laifi da tarzoma, tsaron lafiyar jama'a, hana damun jama'a, da kare yara daga cutarwa. Babu rasa wurin shaƙatawa a ciki, babu lalacewar ƙasa. Wanda abin da ke ci masa rai shi ne 'yarsa ba ta da wurin koyon keke wata guda, idan ya je gaban kwamiti dole ya yi maganar desibel, don ita ce ƙofar da aka bar masa a buɗe. Daga nan sai a kwatanta shi da mai ƙyamar nishaɗi.

Finsbury a gaban alƙali

A 2016 ƙungiyar Friends of Finsbury Park ta kai Haringey Babbar Kotu. Hujjarta ta dogara ne kan tsofaffin dokoki biyu. Wata doka ta 1967 da ta shafi lambunan Landan ta ce wurin da za a killace don nishaɗi kada ya wuce eka ɗaya ko kashi ɗaya cikin goma na lambun, duk wanda ya fi yawa. Wata kuma ta 1890 ta ƙayyade kwanakin da za a iya rufe lambu ga jama'a zuwa 12 a shekara. Wireless kuwa yana ɗaukar kimanin kashi 27 cikin ɗari na Finsbury. Haringey ta amsa da cewa ita ba da waɗannan dokoki ta yi aiki ba, ta yi ne da sashe na 145 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972, wanda ya ba ta ikon killace wani ɓangare na lambu don nishaɗi, bai kuma faɗi iyakar faɗi ko kwanaki ba. Babbar Kotu ta yarda da hukumar a 2016, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tabbatar da haka a watan Nuwamban 2017.

Masu ƙara sun sha kaye, amma ba su tashi a tutar babu ba. Shari'ar ta fito da cewa Haringey tana riƙe da lambun ne a matsayin amana domin jama'a, bisa dokar filaye ta 1906, kusan kamar yadda mai kula da waƙafi ba ya zama mai dukiyar. Abin da ya biyo bayan wannan shi ne kuɗin da aka samu daga hayar Finsbury a kan Finsbury za a kashe su, ba za a zuba su cikin babban asusun hukuma ba.

Wannan nasara ce mai baki biyu, kuma a ganina ba a cika lura da bakinta na biyu ba. Da zarar kuɗin biki ya zama shi ke biyan masu shara da masu aske ciyawa da gyaran wurin wasan yara, to lambun ya dogara da bikin ke nan. A 2023 Haringey ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin Festival Republic, har zuwa 2027, tana mai cewa bukukuwan na kawo kimanin fam miliyan 1.2 a shekara. Duk wanda ya ce a rage kwanaki yanzu, tambayar da za a yi masa ita ce wane ma'aikaci yake so a sallama. Lambun da aka kafa da kuɗin jama'a ya koma mai ciyar da kansa ta hanyar hana jama'a shiga wani ɓangarensa a mafi kyawun watannin shekara.

A 2018 ƙungiyar Friends of Finsbury Park ta bi ta ɗaya ƙofar, ta nemi a sake duba lasisin Wireless. Ba a soke shi ba. An dai matso da lokacin tashi na ranar Lahadi zuwa ƙarfe 9:30 na dare, an ƙara sharuɗɗan auna sauti, an kuma sa sharaɗin a roƙi mawaƙa su guji ashar da shigar da ba ta dace ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa, ya kuma cutar da koken maƙwabta fiye da yadda ya amfane shi, domin ya mai da maganar fili ta koma maganar tarbiyyar mawaƙa.

Brockwell da lissafin kwana 28

Shari'ar Brockwell ta bi wata hanya dabam, ta dokar tsara birane. A Ingila ana iya amfani da fili na ɗan lokaci don wani abin da ba shi aka tanade shi ba, ba tare da neman cikakken izini ba, muddin bai wuce kwana 28 a shekara ba. A ƙarƙashin wannan sassauci ne aka riƙa gudanar da jerin bukukuwan Brockwell Live har zuwa 2025, waɗanda suka haɗa da Wide Awake da Field Day da Cross the Tracks da City Splash da Mighty Hoopla. A 2025 Lambeth ta ba da takardar shaidar cewa shirin bai saɓa doka ba. Wata mazauniyar unguwar, da goyon bayan ƙungiyar Protect Brockwell Park, ta ƙalubalanci takardar, tana mai cewa idan aka haɗa kwanakin kafawa da na kwashewa lissafin ya kai kwana 37. Ranar 16 ga Mayun 2025 Mai Shari'a Mould na Babbar Kotu ya yanke cewa matakin hukumar bai yi daidai da hankali ba, ya kuma rushe takardar.

Muhimmancin wannan shari'a a wurina shi ne lissafin da aka yi aiki da shi irin na maƙwabci ne, wanda ke ƙirga ranar kafa shinge da ranar cire shi. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna iyakar abin da kotu ke iya yi. Cikin 'yan kwanaki kamfanin da ke shirya bukukuwan ya nemi sabuwar takarda, Lambeth ta ba shi, ranar 23 ga Mayu kuma aka buɗe Wide Awake kamar yadda aka tsara. An riga an sayar da tikiti, an riga an kafa dandamali, hukumar da za ta ce a dakata kuma ita ce ta sa hannu a yarjejeniyar haya.

Su wane ne maƙwabtan?

Akwai wata suka da ake yi wa masu koke wadda bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Brockwell yana tsakanin Brixton da Herne Hill da Tulse Hill. Brixton cibiya ce ta 'yan Karebiyan da suka fara isowa Birtaniya da yawa daga 1948, kuma City Splash biki ne na kiɗan rege da kaɗe-kaɗen Karebiyan da Afirka. Wireless kuwa shi ne babban dandalin rap da makamantansa a ƙasar. A 2025 Drake ne ya jagoranci dukkan kwanakinsa uku, Burna Boy na Najeriya kuma ya hau dandamali a rana ta ƙarshe. Matasa baƙaƙen fata da yawa suna ganin cewa masu kuɗin da suka sayi gidaje a unguwannin iyayensu, suka sa haya ta yi tsada, su ne yanzu ke neman a kashe musu kiɗa. Da fitaccen ɗan wasan kwaikwayo Mark Rylance ya mara wa masu kare Brockwell baya, wasu sun ɗauki hakan a matsayin ƙarin shaida. Gaskiya ne kuma cewa kai hukuma Babbar Kotu sai mai ilimi da lokaci da hanyar tara kuɗin lauya, kuma ba kowa ne a unguwa ke da su ba. Akwai ma 'yan unguwa da ke samun aikin wucin gadi, da masu sayar da abinci da ke jiran wannan lokaci duk shekara.

Duk da haka, sukar ta tsallake wani mutum. Mai gida da lambunsa a baya, idan an kafa shinge, sai ya koma bayan gidansa, ko ya kwashi iyali su tafi hutu. Wanda ba shi da wurin komawa shi ne na hawa na tara ɗin nan, kuma alƙaluman 2020 da na kawo a farko sun nuna ko wane ne ya fi yawa a wannan rukuni. Shi ba ya cikin masu ƙara a kotu, kuma sau da yawa kuɗin tikiti ya fi ƙarfinsa, ballantana ya kai 'ya'yansa. Ba ya cikin shinge, ba ya cikin ƙungiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk binciken da ya tsaya kan muryar masu ƙara da ta masu biki kawai zai fito da hoton da babu wannan mutum a ciki, kuma ina kira ga masu nazarin birane su fara daga wurinsa.

Mai amana, mai haya, mai lasisi

Na dawo kan Hyde. A can, hukumar da ta rage wasanni a 2012 ba ta yi asarar kuɗin haya ba, don ba ita ke karɓa ba. A Finsbury da Brockwell kuwa hukuma ɗaya ce ke riƙe da amanar fili, ita ke ba da shi haya, kwamitinta ne ke ba da lasisi, jami'anta ke auna sauti, a Brockwell ma ita ce ta ba da takardar cewa kwanakin ba su wuce ƙa'ida ba. Ba na zargin kowane jami'i da rashin gaskiya, kuma a ƙa'ida sassan nan a rarrabe suke. Amma ba adalci ba ne a ɗora wa mutumin da ya san cewa albashin ma'aikatan lambu ya rataya a kan biki nauyin yanke hukunci a kan wannan bikin, kuma ko da ya yi gaskiya maƙwabta ba za su yarda ya yi ba.

Abin da nake ba da shawara bai kai ga hana biki ba. Birni irin Landan yana bukatar wuraren da dubban mutane za su taru su yi murna, kuma wasu hukumomin sun nemi sassauci, kamar yadda ake buɗe filin All Points East na lambun Victoria kyauta ga 'yan unguwa a ranakun tsakiyar mako. Shawarata ita ce kowane lambu ya kasance da iyakar kwanakin shinge a rubuce, ana ƙirgawa daga shigowar motar farko har ranar da aka cire igiyar da ke kare sabuwar ciyawa, a kuma haɗa lissafin da faɗin wurin da aka killace da watan da aka yi shi, domin kwana goma na Yuni ba daidai suke da goma na Nuwamba ba. Duk babban biki ya bi ta cikakken izinin tsara birane tun kafin a sayar da tikiti, don a nan ne kawai ake sauraron maganar bishiya da ƙasa da rasa wurin wasa. Auna ƙasa kafin biki da bayansa, da auna sauti mai kauri, a danƙa su ga wanda hukumar ba ta biyansa daga kuɗin hayar, a kuma buga sakamakon kowa ya gani, tare da adadin kuɗin da aka karɓa da inda aka kashe su.

Saura batun iyaka, wanda Finsbury ya fi kowane lambu nuna shi. Lambun yana cikin Haringey, amma yana daidai inda ƙananan hukumomi uku suka haɗu. Tsallaken titin Seven Sisters mutanen Hackney ne, ta wajen tashar jirgi kuma mutanen Islington ne. Dubbai daga cikin waɗanda dundum ke shiga ɗakunansu, waɗanda kuma ake rufe musu tituna, ba sa zaɓen kansilolin da suka sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar ɗin, ba kuma za su iya kayar da su a akwatin zaɓe ba. Kafin a sabunta yarjejeniyar bayan 2027, ya kamata Hackney da Islington su sami kujera mai ƙuri'a a teburin da za a yanke yawan kwanakin, tare da wakilan mazauna benayen hukuma da ke kewaye da lambun ta kowane ɓangare.